Me Ya Sa Aka Yabi Kisan Gidan Biki Amma Aka Tsine wa Ƙarshen Labari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwanan nan na gama kallon Game of Thrones, sai na koma ina duba abin da mutane suka faɗa lokacin da ake haska shi. Abu ɗaya ya ɗaure min kai. Kashin da aka yi wa jarumai yankan rago a gidan biki, kowa yabonsa yake yi. Amma ƙarshen fim ɗin, kowa zagi. To ai duk abin baƙin ciki ne. Mene ne bambancin? Ko dai bin yarima a sha kiɗa ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai 'yan bin yarima a ciki, zan kuma zo kansu. Amma ruwa ba ya tsami banza. Na daɗe ina aikin duba rubutun fim kafin a ɗauka, kuma abin da na lura da shi shi ne, mai kallo yana iya jure a kashe masa wanda yake so. Abin da ba ya yafewa shi ne a ci masa bashi.

Fim mai dogon zango adashi ne. Duk mako kana zubi: awa guda na lokacinka, kuɗin data, barcin da ka hana idonka, musun da ka yi a majalisa kana kare wani jarumi kamar ɗan gidanku. Game of Thrones ya fara a 2011 ya ƙare a 2019, zango 8, kashi 73. Wanda ya bi shi tun farko shekara 8 ya yi yana zubi. Ranar ƙarshe ita ce ranar kwasa. Idan uwar adashi ta miƙo maka kuɗi ba su cika ba, ba za ka tsaya yaba mata kyawun jakar da ta zubo su a ciki ba.

Mu fara da bikin da ka ambata, domin a nan ne gwanintar take. Shi ne kashi na 9 a zango na 3, an haska shi ranar 2 ga Yuni, 2013. Ka tuna yadda aka zo wurin. Robb Stark yana buƙatar ya ƙetare gada da rundunarsa, gadar kuma ta tsoho Walder Frey ce. Aka yi ciniki: a bar shi ya wuce, shi kuma ya auri 'yar tsohon. Ya amince, ya wuce, daga baya ya ga wata ya aura. Uwarsa Catelyn ta gargaɗe shi cewa wannan tsohon ba mutumin da ake saɓa wa alƙawari ba ne. Sannan ya fille kan wani babba a cikin magoya bayansa, Rickard Karstark, mutanen gidan suka janye suka bar shi, dole ta sa ya koma neman taimako wurin mutumin da ya wulaƙanta. Duk wannan an shimfiɗa shi a gabanmu tsawon zango biyu da wani abu. Muna gani, amma muna kawar da kai, saboda mun saba da cewa ɗan da ya fito ɗaukar fansar ubansa ba ya mutuwa a hanya.

Sai ka dubi daren kansa. Bikin na kawun Robb ne, wanda aka ɗaura wa 'yar tsohon a madadinsa. An kai ango da amarya ɗaki, ana ta shewa. Wani ya je ya rufe ƙofar zauren. Makaɗa suka sauya kiɗa zuwa taken gidan Lannister, abokan gaba. Catelyn ce kaɗai ta ji abin a jikinta. Ta dubi Roose Bolton, ɗaya daga cikin manyan magoya bayan Robb, da ke zaune kusa da ita, ta ɗaga hannun rigarsa, sai ga sulke a ƙasa. Wa ke zuwa cin tuwon biki da sulke? Kafin ta gama ihu an fara. Aka kashe matar Robb da cikinta, aka kashe shi, aka yanka uwar. Sunayen ma'aikata suka fito ba kiɗa ba komai, shiru kamar gidan makoki.

Mutane sun yi kuka, wasu sun rantse sun daina kallo. Waɗanda suka karanta littafin, wanda ya fito tun 2000, sun san abin da ke tafe, sai suka riƙa ɗana kyamara a ɓoye suna ɗaukar 'yan'uwansu suna kururuwa, suna sawa a YouTube. Amma ka saurari irin kukan. Ba wanda ya ce "Walder Frey ba zai aikata haka ba." Kowa cewa yake "Wayyo, ai da ma an faɗa masa." Fushin yana kan mutanen cikin labari, ba kan marubuta ba. Wannan shi ne ma'aunin da nake amfani da shi kullum. Idan masu kallo suna zagin mugun cikin fim, marubuci ya ci nasara. Ranar da suka tsallake mugun suka nemo sunan marubucin suna zagi, to labari ya fashe, an hango hannun mai zaren.

A 2019 abin da ya faru ke nan. Sunayen da suka fi shan tsinuwa ba Cersei ba ce ko Sarkin Dare, mugayen cikin fim ɗin, David Benioff ne da D. B. Weiss, masu tsara shirin.

Ga lissafin da ya jawo haka. Zango shida na farko kowanne kashi 10 ne. Na 7 aka yi 7, na 8 aka yi 6. Wato a daidai lokacin da zaren labari ya fi yawa, ake buƙatar wuri a ɗaure kowanne, a lokacin aka rage fili. Littattafan da ake bi kuma sun ƙare musu a hannu, domin na biyar ya fito a 2011, na shida bai fito ba har aka gama fim ɗin. Marubucin, George R. R. Martin, ya sha faɗa a fili cewa labarin zai iya kai zango 10 ko fiye. Sauri ya haifi nawa.

Dubi Daenerys, sarauniya mai dodanni masu aman wuta, wadda a kanta aka fi ce-ce-ku-ce. Masu kare ƙarshen suna cewa ai an daɗe ana nuna alamar tana da zafin hannu, kuma suna da hujja: ta gicciye iyayengijin bayi 163 a Meereen, ta ƙona Randyll Tarly da ɗansa don sun ƙi durƙusa mata. Gaskiya ne. Amma duk waɗannan masu iko ne ko mayaƙa da suka ja da ita. Ita ce kuma matar da, ranar da wani makiyayi ya shimfiɗa mata ƙonannun ƙasusuwan 'yarsa a gabanta, ta ɗauki dodanninta biyu, waɗanda take kira 'ya'yanta, ta ɗaure su da sarƙa a ƙarƙashin ƙasa tana kuka. Tsakanin wannan matar da wadda za ta bi titi-titi tana ƙona mata da yara bayan birni ya buga ƙararrawar miƙa wuya, akwai tafiya mai nisa. Ana iya yin tafiyar, ni ma na yarda can labarin ya nufa. Sai dai an yi ta ne cikin mako biyu. A kashi na 3 na zangon ƙarshe ta rasa amintaccenta Jorah. A na 4 ta rasa dodo guda da aminiyarta Missandei. A na 5, ranar 12 ga Mayu, ta ƙona gari. A na 6 aka kashe ta. Ba mu samu ko zama ɗaya da ita ba mu ji yadda zuciyarta ke juyawa. Hausawa sun ce hali zanen dutse. In za ka kankare zanen dutse a gaban mutane, sai ka bari su ga kana gogawa.

Ko yaro ya san wannan. Ka yi wa yara tatsuniya, ka ce kura ta cinye Gizo saboda kwaɗayinsa, za su yi dariya su kwanta. Ka ce musu Gizo ya tsinci nama ya kai cigiya gidan sarki ba tare da ya gutsura ba, nan take wani zai ce maka "Ƙarya ne, ba haka take ba."

Ga sauran basussukan da ba a biya ba, a gurguje. Tun fitowar farko ta kashi na farko ake tsorata mu da rundunar matattu, sai aka gama da su a dare ɗaya, saura kashi uku a tashi. Asalin Jon Snow, sirrin da aka yi shekaru ana tonawa, bai tsinana wani abin kirki ba. Jaime ya yi zango bakwai yana wanke kansa, ya koma wurin Cersei inda ya fito. Sarauta kuma ta faɗa hannun Bran, wanda ko sau ɗaya bai fito ba a duk zango na 5.

Sai ƙananan abubuwa, waɗanda a lokacin zaman lafiya da dariya za a yi a wuce. Kashi na 3, yaƙin dare, an ce dare 55 aka yi ana ɗaukarsa, tsawonsa minti 82. Ni a waya na fara kallonsa, irin matsattsen kwafin nan da ake turawa don kada ya cinye wuri. Mu uku muka haɗa kai a kan allo ɗaya a ɗaki, muka kashe fitila, na ƙure hasken wayar. Abin da muke gani baƙi ne da ɗigo-ɗigon wuta, sai ihu da ƙarar takobi. Ɗaya daga cikinmu ya yi ta tambaya, "Wa aka kashe? Wai wa aka kashe?" Na ɗauka laifin kwafin ne. Washegari na tarar har mutanen Amurka masu manyan talabijin kukan da suke yi ke nan. Mai ɗaukar hoton, Fabian Wagner, ya fito ya kare aikinsa, ya ɗora laifi a kan matse hoto da ake yi wajen watsawa da kuma rashin iya saita talabijin. Ta fuskar sana'a yana da 'yar gaskiya. Ta fuskar hulɗa da jama'a kuwa, mutum ya ce maka bai gani ba, ka ce masa idonsa ne, ka ƙara wa wuta fetur. Mako na gaba sai ga kofin shayi na takarda, irin na zamani, an manta shi a kan tebur a gaban Daenerys, har sai da HBO, tashar da ke haska shirin, ta goge shi da kwamfuta. A kashin ƙarshe kuma aka hango gorar ruwa ta roba a gefen ƙafar 'yan wasa. Kofi ba ya ɓata labari. Amma mutumin da ya fara zargin ba a damu da shi ba, da ya ga kofin sai ya ce ga shaida.

Akwai kuma wani abu a halittar ɗan'adam da ke sa ƙarshe ya fi nauyi. Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan'adam da ya ci kyautar Nobel a 2002, ya yi wani gwaji da abokan aikinsa a 1993. Aka sa mutane su tsoma hannu a ruwa mai sanyin digiri 14 na daƙiƙa 60. A wani zagayen kuma aka sa su yi daƙiƙa 60 ɗin, aka ƙara musu 30 ana ɗan ɗumama ruwan kaɗan. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, mafi yawansu suka zaɓi mai tsawon, duk da ya fi yawan wahala, saboda ƙarshensa ya fi sauƙi. Ƙwaƙwalwa ba ta tara jimilla, tana riƙe ƙololuwa ne da kuma ƙarshe. Shi ya sa kashi mara daɗi a tsakiyar zango na 5 ake manta shi, amma kashi shida na ƙarshe suka shafa wa 67 da suka gabace su baƙin jini.

Yanzu ga inda nake ba ka gaskiya a kan 'yan bin yarima. Ihun masu kallo ba alƙali ba ne, kuma misalin da na fi so a kan haka daga Breaking Bad yake, labarin malamin kimiyya a Albuquerque da ya kamu da ciwon daji ya koma dafa ƙwaya. Kashinsa na 60, mai suna "Ozymandias", wanda aka haska ranar 15 ga Satumba, 2013, ya daɗe yana riƙe da maki 10 cikin 10 a shafin IMDb, inda masu kallo ke ba finafinai maki. A cikin awa ɗaya duk ƙaryar da mutumin ya yi zango biyar yana ginawa ta rushe a kansa: an harbe surukinsa a gabansa, an kwashe dukiyarsa, matarsa ta zaro masa wuƙa, ɗansa ya kira masa 'yan sanda. Kwasar adashi ce cikakkiya. A wannan fim ɗin kuma, kashin da ya fi kowanne ƙarancin maki shi ne "Fly" na 2010, inda mutum biyu suka kwana a ɗakin aiki suna farautar ƙuda ɗaya. An yi shi ne don kuɗin zangon ya yi ƙasa, ana buƙatar kashi mai arha. Masu jiran harbe-harbe suka ce an ɓata musu mako. To darakta ɗaya ne ya yi su duka biyun, Rian Johnson. Kuma a wannan daren na ƙuda ne malamin, barci na fizgarsa, ya kai bakin gaɓar faɗa wa yaron aikinsa Jesse cewa yana tsaye yana kallo budurwarsa ta mutu bai taimaka ba, sai ya haɗiye. Maganar da ya haɗiye a 2010 ita ce ya tofa masa a fuska a 2013, kuma rabin zafinta daga wancan daren ya fito. A ganina "Fly" yana cikin mafi kyawun abin da suka yi. Wanda ya kalle shi a jere, ba tare da ya jira kwana bakwai ba, da wuya ya ji haushin da mutanen 2010 suka ji.

Wannan ya shafe ka kai tsaye. Kai ka kalli Game of Thrones a 'yan makonni. Su kuwa sun jira kusan wata 20 tsakanin zango na 7 da na 8, suna ta saƙa hasashe, kowa ya rubuta nasa ƙarshen a ka. Babu marubucin da zai iya gasa da ƙarshe miliyan guda da mutane suka riga suka ƙaunata. In ka ji zafinka bai kai nasu ba, dalilin ke nan.

Su kansu makin, a riƙa sa musu gishiri. Kashin ƙarshe yana yawo a wajen 4 cikin 10 a IMDb, alhali na gidan biki yana da 9.9. Ni ban yarda ya lalace har haka ba. Wanda ya ji daɗi kaɗan-kaɗan ba ya tashi ya je ba da maki. Mai fushi ne ke zuwa, kuma ba 5 yake bayarwa ba, 1 yake dannawa don ya huce. Takardar koken da aka buɗe a Change.org cewa a sake ɗaukar zangon ƙarshe da wasu marubutan ta tara sa hannu fiye da miliyan 1.8, kuma duk wanda ya sa hannun ya san ba za a sake ba. Hanyar huce haushi ce. A gefe guda kuma, mutum miliyan 19.3 suka kalli kashin ƙarshe a daren 19 ga Mayu ta kafofin HBO, adadin da tashar ba ta taɓa gani ba, zangon kuma ya ci kyautar Emmy ta gwarzon wasan kwaikwayo a shekarar. Yawan 'yan kallo yana auna yadda aka ƙagu ne, kyauta kuma sau da yawa tukuicin shekarun baya ce. Babu ɗayansu da ya amsa tambayarka.

Wani lokaci ma fushin kan huce ya koma yabo. The Sopranos ya ƙare ranar 10 ga Yuni, 2007: jarumin yana cin abinci da iyalinsa, ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, ya ɗago kai, allo ya yi baƙi ɗif na kusan daƙiƙa 10. Mutane da yawa sun zaci na'urarsu ce ta ɗauke. An yi zagi sosai. Yau ana lissafa shi cikin ƙarshe mafi ƙarfi, domin da aka koma aka duba, an tarar fim ɗin ya riga ya faɗa cewa in ajali ya zo ba a jin zuwansa. Alƙawarin yana nan, masu kallo ne ba su gane an cika shi ba sai daga baya. Ban ga alamar hakan zai faru da Game of Thrones ba, saboda matsalarsa ba rashin fahimta ba ce. Fitowar da ya kamata a ɗauka ne ba a ɗauka ba, kuma sake kallo ba zai haifar da su ba.

A gida kuwa, tun da finafinai masu dogon zango suka karɓe kasuwa, daga Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24 zuwa Labarina da Izzar So, ciwon namu yawanci kishiyar wancan ne. Su sun yi gaggawa, mu jan rai ake kuka da shi. Inda kuɗi ke shigowa ta talla da yawan kallo a YouTube, kowane ƙarin mako riba ne, sai ka ga maganar da za a gama a fitowa biyu an ja ta wata guda. Ka karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyo: "Yau dai an cinye mana data a banza." Bashin dai shi ne, sai dai a nan ba a hana ka ba, ana ta ce maka ka dawo gobe. Ɗaya matsalar ita ce ficewar ɗan wasa ana tsakiyar tafiya. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, surutun da aka yi ba na komai ba ne illa cewa a idon masu kallo ita ce Sumayya, da fuskarta suka yi zubi. Darakta a irin wannan hali ba shi da zaɓi mai daɗi: ya kashe, ya tura tafiya, ko ya sauya fuska, kowanne akwai masu tsine masa.

Game da masu rantsuwar sun bar kallo har abada kuwa, ranar 21 ga Agusta, 2022, HBO ta fara House of the Dragon, labarin kakannin Daenerys, kuma kusan mutum miliyan 10 suka zauna a daren farko. Abokin nan nawa mai tambayar wa aka kashe, wanda ya yi rantsuwa har da dafa ƙirji a 2019, shi ya fara kira na da safe yana tambaya ko na samu kwafi mai haske.